Ranar da Na Kai Hajiyarsa Ƙasa

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da "wai ina labarin Mai Tabarau?", to ku gyara zama. Yau zan faɗi abin da na aikata ranar Alhamis. Mai dariya ta yi abarta, ni ma sai da na gama kukana na fara tawa.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni ce auta a gidanmu, Auta kuma kowa ke ce min. A kantin magani nake aiki, ina bayan kanta daga takwas na safe zuwa huɗu. Shi kuwa Mai Tabarau a shagon gilashin ido yake, shi ke yanka gilashi ya zaunar da shi a mazauninsa. A kantinmu muka haɗu. Duk farkon wata yakan zo karɓar maganin mahaifiyarsa, wadda santsi ya kwashe a banɗaki shekara biyu da suka wuce, ƙugunta ya karye har aka yi mata aiki. Wata takwas yana zuwa, ban da "sannu da aiki" bai taɓa ce min uffan ba. A na tara ne ya gyara murya ya ce, "Kina matse ido in za ki karanta takardar likita. Ki zo a auna ki." Na je aka auna, idona garau. Shi ma ya san garau ɗin ne.

Mutumin kirki ne, wallahi. Irin mutanen nan da in sun ce ƙarfe biyar, biyar saura minti biyu za ka ji sallamarsu. Ina son shi, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba.

Abu ɗaya na ɓoye masa, shi ne inda nake zuwa Litinin, Laraba da Asabar. Na ce masa motsa jiki nake zuwa. Shi a ransa irin injin nan ne da ake ta gudu a kai ba a isa ko'ina. Alhali shekara uku ke nan ina koyon aikido a ajin mata, a wani ɗaki da ke saman shagon fenti, mai matakala goma sha bakwai da shuɗiyar katifa shimfiɗe bango zuwa bango. Aikido dabarar kare kai ce, amma babu naushi babu harbi. Mutum ya kawo miki hari, ki kauce, ki bar shi da ƙarfinsa, ki raka shi har ƙasa. Na fara ne bayan wani mai saye ya damƙe min hannu ta saman kanta, don na ce maganin da yake so sai da takardar likita. Ranar na tsaya ƙiƙam kamar an dasa ni, ko ihu na kasa. Na koma gida na ce wa Abba ba zan ƙara tsayawa haka ba, shi ya nemo min wurin da kansa.

Me ya sa na ɓoye? Tsoro ne kawai. Na taɓa faɗa wa wani da ya fara zuwa wurina, ya yi dariya ya ce, "A'a, ni mata nake nema, ba mai gadi ba." Bai sake dawowa ba. Wancan ko a jikina. Amma wannan, in ya tafi zan ji.

To, a satin nan abu biyu suka haɗe min. Alhamis Hajiyarsa za ta zo gidanmu ta gan ni a karon farko. Asabar kuma ina da jarrabawar aikido, wadda daga ita sai ta baƙar ɗamara, ɗamarar ƙwararru.

Dabarar da za a fi matsa min a kanta Malama, mai koyar da mu, tana kiranta da sunanta na can inda abin ya samo asali, mu kuwa mun raɗa mata kama-da-rafka. Abokiyar wasanki za ta damƙi kafaɗarki da hannu ɗaya, ta ɗaga ɗayan ta kawo miki sara a goshi. Ke kuma ba ja da baya za ki yi ba. Hannunki zai tashi ya tarye nata tun yana sama, ƙafarki ta shiga gefenta, ki juya ƙugu. Hannun da ta riƙe ki da shi, shi ne zai ja ta. Kafin ta ankara nauyinta ya bar ƙafafunta ya dawo hannunki, sai ki sauke ta.

Ranar Laraba ni da Lauya, abokiyar wasana, mun yi shi ya fi sau ɗari. Lauya ba ta san wasa ba, in ta damƙe ki sai kin ga shatin yatsunta.

"Tunani kike yi, Auta," in ji Malama. 'Yar gajeriya ce mai furfura, ba ta ɗaga murya, amma in ta yi magana har fanka sai ka ji kamar ta rage gudu. "Kafin ki gama tunani an fasa miki goshi. Ki bar jikinki ya amsa. Sake."

Muka sake. Na juya da zafi, Lauya ta bugu da katifa tim.

"Wannan jifa ce, ba kayarwa ba. Me na ce muku?"

Muka haɗa baki kamar 'yan aji ɗaya: "Wadda kika kayar amana ce a hannunki har sai bayanta ya taɓa ƙasa."

Ƙa'idarta ke nan. Ita da wata: ba a kayar da wadda ba ta koyi faɗuwa ba. Duk sabuwar da ta zo, wata uku za ta yi ba abin da take koya sai faɗuwa da tashi. Ni kaina na yi su, ina mita ina birgima.

Na dawo gida na tarar Gwaggo, yayar Abba, ta iso da jakarta za ta kwana biyu "don a yi abu yadda ya kamata". Tana zaune bakin gadona, fararen kayan wasana a hannunta, ta ɗaga su da yatsa biyu kamar ta tsinci mushen ɓera.

"Wannan buhun fa?"

"Kayan wasana ne, Gwaggo."

"Kayan dambe dai. Miƙo hannunki." Ta juya wuyan hannuna ta ga shatin Lauya. "Innalillahi! Uwar miji ta ga wannan ta ce me? Gobe riga mai dogon hannu za ki sa. Kanki a ƙasa, muryarki a ƙasa. In an tambaye ki me kike yi bayan aiki, ki ce karatu. In an sa rana kuma, kin bar wannan shirmen ke nan."

Na kalli Umma da ke tsaye bakin ƙofa. Ta ce, "Ni dai Yaya, da ta faɗa masa tun farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"A yi wankan tukuna," in ji Gwaggo. Ta cusa kayan a ƙasan akwati ta ɗora bargo.

Wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Gobe ƙarfe huɗu da rabi in sha Allah. Hajiya ta sa an goge mata kaya kala uku, har yanzu ba ta zaɓa ba."

"Ni nawa an zaɓa min," na rubuta.

"Don Allah a tanadar mata kujera mai tsayi. Ba ta zama ƙasa tun faɗuwar nan, ko salla a kujera take yi. Tsoro take ji sosai."

"An gama, ranka ya daɗe."

Na rubuta "akwai abin da nake so in faɗa maka", na kalle shi, na goge. Ku yi min shaida, na rubuta.

Alhamis na nemi izini na tashi da wuri. Falonmu ya koma kamar na wasu. An fito da kafet mai kaurin nan da Umma ke naɗewa sai baƙi, da kofuna masu bakin zinare da tun ina yarinya nake ganinsu ta gilashin kabad ban taɓa shan ko ruwa a ciki ba. Gwaggo ta shiga tsakar gida ta yanko furanni, ta cika kwalba ta dasa a tsakiyar tebur. Ku riƙe furannin nan a ranku. Ni kuwa doguwar riga ruwan toka, hannunta har tafin hannu, da mayafi ruwan hoda da aka kafe min da allura uku, da turaren da ya sa Abba atishawa tun daga zaure.

Huɗu da minti ashirin da takwas muka ji mota. Shi ya tsaya wurin Abba a ɗakin baƙi na waje, Hajiya ta shigo ita kaɗai. Doguwa ce, siririya, idonta irin nasa. Tana tafe da sanda mai roba a gindi, tana duba inda za ta sa kowace ƙafa. A bakin ƙofa ta cire wasu baƙaƙen takalma masu kaurin ƙasa, ta jera su daidai.

Na gaishe ta, kaina a ƙasa yadda aka umarce ni. Ta amsa da fara'a, har ta ce, "Ke ce mai rubuta min 'bayan abinci' da manyan baƙaƙe a jikin kwali? Allah Ya yi miki albarka." Zuciyata ta yi sanyi. Gwaggo ta shiga zuba: Auta ba ta da hayaniya, Auta ko ƙuda ba ta iya kashewa, Auta daga aiki sai ɗaki. Umma dai tana ta gyara zaman kofuna.

Aka ce in kawo shayi. Na kawo tire na ajiye kusa da furannin, na miƙe na tsaya a gefe, ido a ƙasa. Hajiya ta tashi da sandarta wai za ta ba ni wata 'yar leda da ta zo da ita. Ina kallon yatsun ƙafarta suna matsowa. Sai na ji sandar ta faɗi.

Hannu ya damƙi kafaɗata ta hagu, damƙa ta gaske. Inuwar wani hannun ta taso daga sama tana nufo goshina.

Jama'a, ban yi tunani ba. Malama ta ce kar in yi, ban kuwa yi ba. Hannuna ya tashi ya tarye nata, ƙafata ta shiga, ƙuguna ya juya. Sai a tsakiyar juyin na ga zoben azurfa a yatsan da ke kafaɗata, na ji ƙamshin man zafin da ni da kaina nake sa mata a leda duk wata. Hajiya ce. Kuma ƙafafunta sun riga sun rabu da nauyinta.

In na tsaya a nan, ta faɗi a kan ƙugun da aka yi wa aiki. In na sake ta, haka. Hanya ɗaya ta rage, in ƙarasa abin da na fara. Na manna ta da ƙirjina, na zura tafin hannuna bayan kanta, na durƙusa a gwiwa ɗaya ina juyawa da ita a hankali, na bar nauyinta ya bi ta cinyata. Na kwantar da ita a kan kafet kamar yadda ake kwantar da jaririn da ya yi barci a hannu. Ko ƙara ba a ji ba.

Gwaggo ta buɗe baki ta manta ba ta rufe ba. Hajiya tana kwance tana kallon fanka, mayafinta ko gocewa bai yi ba. Can ta ce, da 'yar siririyar murya:

"Rina ce a goshinki."

Muka ɗaga kai gaba ɗaya. Ga rinar can ta tashi, ta zaga fitila, ta koma abinta cikin furannin Gwaggo.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Hajiya ki yafe min, don girman Allah ki yafe min. Akwai inda ke miki ciwo?" Ta shafa ƙugunta, ta motsa ƙafa, ta sake motsawa. Umma da Gwaggo suka yo kanta za su ciccibe ta, na ce su dakata, jan hannu shi ke ɓata abu. "Hajiya, juyo ta gefen nan. Dafa tafinki a ƙasa. Kawo gwiwa ɗaya. Yawwa, dafa kafaɗata, ki tura da ƙafar da ke gaba." Yadda muke tashi a katifa ke nan. Ta bi, ta miƙe tsaye. Ta daɗe tana kallon wurin da ta kwanta, sannan ta kalle ni.

"A ba ni sandata. A kira min yaron nan."

Ko shayin ba ta taɓa ba.

Motar na barin ƙofar gida Gwaggo ta ɗora hannu a ka. "Ta kashe mu! Shekarata sittin da biyu ban taɓa jin inda aka zo ganin yarinya ta yi kokawa da uwar miji ba! Ban ce kanki a ƙasa ba?"

"A ƙasa yake, Gwaggo, shi ya sa ban ga rinar ba."

"Rufe min baki!"

Abba da aka ba shi labari ya ɗaga jarida ya rufe fuska, jaridar tana ta rawa. Wai tari ne ya sarƙe shi. Umma ce ta biyo ni ɗaki ta same ni ina kuka a kan akwatin da aka binne kayana. Ba ta yi faɗa ba. Ta zare min allurai ukun nan ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Faɗa masa da bakinki, tun kafin ya ji a wani bakin."

Kafin magariba saƙonsa ya shigo. "Auta, me ya faru a falo? Hajiya ba ta ce komai ba har muka iso gida. Ta shiga ɗaki ta rufe."

Na yi masa saƙon murya na minti shida. Na faɗi komai: mai sayen da ya riƙe min hannu, matakala goma sha bakwai, Malama, jarrabawar Asabar, rina. Na tono kayan na ɗauki hotonsu na tura. Ya saurara, na ga alama. Ya fara rubutu, ya daina, ya sake farawa.

"Lafiyarta ƙalau, na duba. Ba kayarwar ce ta dame ni ba. Shekara guda muna tare, kina ganin ni mutumin da za a ɓoye wa wannan ne? Ki ba ni lokaci."

Wannan ta fi min zafi a kan ya zage ni, don gaskiya ya faɗa. Na auna shi da mudun wani.

Juma'a shiru. Na ba wata mata maganin tari na ce mata "Allah Ya sanya alheri". Gwaggo ta koma gidanta tana cewa ita ba ta da fuskar da za ta ƙara kallon mutane. Na ce a raina jarrabawar ma na fasa. Asabar da safe sai ga Abba a ƙofar ɗakina da kayana a hannu, an wanke an goge, ɗamarar a naɗe a sama.

"Mutum ba ya yin asara biyu a sati ɗaya," ya ce. "Tashi."

Na hau matakalar ina jan ƙafa. A saman akwai katakon da muke jera takalma. Silifas ɗin Lauya, takalmin Malama, na sauran. A ƙarshen layi kuma wasu baƙaƙe masu kaurin ƙasa, an jera su daidai, da sanda mai roba a jingine kusa da su.

Na leƙa. Tana zaune a kujerar roba bakin katifa, jakarta a cinya, Malama a gefenta suna hira kamar sun shekara da sanin juna. Na durƙusa tun daga ƙofa.

"Taso, 'yar nan," in ji Hajiya. "Matakalarku goma sha bakwai ce, na ƙirga. Sau uku na huta."

"Hajiya, ni dai ki yafe…"

"Saurara. Shekara biyu rabona da ƙasa. Likita ya daɗe da ce min ƙashi ya warke, saura tsoro, shi kuma ba a sayar da maganinsa a kantinku. Jikokina suna wasa a ƙasa, ni ina sama kamar alƙali. Kullum in na rufe ido sai in ga faɗuwar nan. Shekaranjiya na ji ƙafata ta bar ƙasa, na ce shi ke nan, ta sake faruwa. Sai na ji ni a kwance, ba abin da ya same ni." Ta gyara riƙon jakarta. "Da na koma gida na rufe ɗaki na gwada tashin nan da kika nuna min, a bakin gado. Jiya da asuba na kai goshina ƙasa. Karo na farko."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Lauya ma, da ba ta san wasa ba, ta juya tana gyaran ɗamarar da ba ta kwance ba.

"Shi kuma ɗan nawa fushi yake," Hajiya ta ci gaba. "Irin na ubansa ne, kwana biyu yake yi. Yau na biyun."

Na buɗe jaka zan kashe waya, na ga saƙo ya shigo minti uku da suka wuce. "Ina ƙasa a shagon fenti. Har yanzu ina fushi. Ki kula min da ita, in kin sauko ki ba ni labarin tun daga farko."

Malama ta miƙe ta tako tsakiyar katifa. Fuskarta ba wasa.

"Auta. An ce kin kayar da wadda ba ta koyi faɗuwa ba."

"Haka ne, Malama."

"Kin karya ƙa'ida ɗaya, kin riƙe ɗaya. Kama-da-rafka kuwa ba sai na sake gani ba, na samu shaida daga bakin wadda aka yi wa." Ta janyo katifa mai kauri ta ninka a kan ta ƙasa. "Jarrabawarki ta canja. Ga ɗalibarki. Wata uku, faɗuwa da tashi, daga zaune za ku fara. Ranar da ta sauka ta tashi ba hannun kowa, ranar za ki ɗaura sabuwar ɗamara."

Hajiya ta ajiye jakarta a kujera. Ta waiwaya ta kalli sandarta can bakin ƙofa, ta kau da kai. Ta ɗora ƙafa ɗaya a kan shuɗiyar katifar, sannan ɗayar, ta miƙo hannu ta damƙi kafaɗata, daidai inda ta kama ranar Alhamis.

"To, bismillah," ta ce. "Amma ki sani, 'yar nan, ranar da na iya, ke zan fara kayarwa."